Gudun Safe da Ciwon Jiji da Kai



Duk mai sammako a garin Lafia, musamman ranar Asabar, ya san akwai abin da ya sauya a 'yan shekarun nan. Tun kafin rana ta fito za ka ga mutane a hanyar Shendam da hanyar Jos da kewayen filin wasa na gari, wasu na sassarfa, wasu na tattaki suna kaɗa hannu, wasu sun yi da'ira ana ba su umarni suna tsalle. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya, akwai 'yan kasuwa, akwai dattawan da suka yi ritaya, waɗanda likita ya gaya musu in ba su tashi ba hawan jini zai kwantar da su. Har mata ana gani, ko da yake ba su kai maza yawa ba. A da, in aka ga mai furfura yana gudu a bakin titi, sai an tsaya an tambaye shi ko lafiya. Yau ido ya fara sabawa.

Ina murna da wannan ƙwarai, kuma da shi zan fara don kada a juya mini zance. Tun da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996, Lafia ta zama babban birninta, rayuwar mutane da yawa ta koma ta zama. A zauna a ofis, a zauna a mota ko a Keke, a dawo gida a zauna gaban talabijin ko a duƙufa kan waya. Abinci kuwa bai ragu ba, sai ma ƙarin mai da gishiri da lemon kwalba. Ga sakamakon nan muna gani a gidajenmu: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, har ga waɗanda ba su tsufa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, wato in aka ɗauki mafi ƙaranci, rabin awa a rana har kwana biyar. A 2024 kuma ta bayyana cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni. Saboda haka wanda ya bar shimfiɗarsa ya fito, ya kyauta wa kansa, ya kyauta wa iyalinsa.

Amma akwai wani baƙo da ya biyo wannan alheri ta bayan gida, shi ne dalilin sharhinmu na yau. Ku saurari yadda wasu daga cikin masu wannan atisaye ke magana in sun dawo majalisa ko ofis. "Kai dai ci kawai ka iya." "Dubi tumbinka, kamar mai wata bakwai." "Ragwanci ne ke damunka, ba wani abu ba." Wani mijin a gaban baƙi zai ce wa matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar ta zauna ta narke. Wani kuma bakinsa ba ya cewa komai, idonsa ne ke faɗa: kallon sama da ƙasa, sannan a ɗan girgiza kai. Da hantsi ka buɗe WhatsApp ka tarar an ɗora hoton gumi da lissafin kilomita, a ƙasa an rubuta habaici ga masu barcin safe. Mutum ya yi wata uku yana gudu, ya sauke ɗan nauyi, shi ke nan ya raba jama'ar gari kashi biyu: masu horon kai irinsa, da sauran tarkace.

Abin lura shi ne, ba yau aka fara auna darajar mutum da jikinsa a ƙasar nan ba. Ma'aunin ne ya juya. Da can teɓa ita ce shaidar an samu. In mutum ya dawo daga birni da wuya ya yi kauri, sai a ce ya ji daɗi, hutu ya karɓe shi. Siririn mutum kuwa ko a ce talauci ne ya cinye shi, ko a fara raɗe-raɗin wace cuta yake ɓoyewa. Wannan tunani bai mutu ba. Shi ne har gobe ke tura 'yan mata, musamman in biki ya matso, su sayi magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, alhali wasunsu kan jawo hawan jini da ciwon suga. Jiya mai ƙiba ke raina siriri, yau mai damtse ke raina mai ƙiba. Ciwon ɗaya ne, kuma ba a jiki yake ba.

Kada wani ya ce ina musun ƙoƙari. Tashi da asuba kullum, a jure sanyin hunturu da zafin watan Maris na Lafia, a kawar da kai daga abin da rai ke so, wannan aiki ne na gaske, ba kowa ke iyawa ba. Wanda ya yi shi ya cancanci a ce masa sannu. Tambayar da nake so mai gudun safe ya yi wa kansa ita ce: wannan horon kai da nake taƙama da shi, a kan me ya tsaya?

Ya tsaya a kan cewa ka yi barci ka ƙoshi, domin ba aikin gadi ka kwana yi ba, ba ka kwana a asibiti kana jinyar mahaifiya ba. Ya tsaya a kan cewa akwai wadda ta tashi kafin ka, ta hura wuta, ta yi wa yara wanka ta shirya su makaranta a lokacin da kake zagaya filin wasa. Ya tsaya a kan cewa in ka dawo akwai ruwan wanka da abin karyawa, ga kuɗin takalmin kambas. Ya tsaya a kan gwiwa mai lafiya da ƙirji mai lafiya, waɗanda ba ka biya ko kwabo ka same su ba. Cire biyu daga cikin waɗannan, ka ga ko horon zai kai mako.

Sannan wa ake kira rago a Lafia? Garin nan da kewayensa da gumi aka san su. Manomin doya da ke tada ɗaruruwan kunya da hannunsa a ƙauyukan Assakio, masu yankan riɗi a ƙasar Doma, 'yan dakon da ke loda doya da buhunan shinkafa a manyan motoci, mai garuwa da ke tura kura cike da jarkoki unguwa-unguwa, matar da ke ɗauko itace ko rogo a ka daga gona da goyo a baya. Babu ɗayansu da ke da agogon ƙidaya taku, babu mai ɗaukar su hoto. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, sai aka samu wani sabon ayari na masu tafiya a ƙasa: ƙananan ma'aikata da ɗalibai da malaman firamare da kuɗin mota ya gagare su. A titi ɗaya, a sa'a ɗaya, wani na tafiya don ya ƙona abin da ya ci jiya, wani na tafiya bai karya ba. In akwai mai dalilin sunkuyar da kai a tsakaninsu, ba na biyun ba ne.

Tarihin ilimin amfanin motsa jiki kansa daga wurin ma'aikata ya faro. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufurin birnin Landan kusan 31,000. Motocinsu masu hawa biyu ne. Direba na zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Da aka duba, ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Daga nan likitocin duniya suka fara yarda cewa motsi na kare zuciya. Kwandasta ne ya koya wa duniya wannan darasi, yana bakin neman abincinsa.

Sai dai maganar ba ta tsaya nan ba, kuma wannan ɓangaren ya fi taɓa ni. A 2021 masu bincike a ƙasar Danmak suka fitar da sakamakon bibiyar mutum fiye da 100,000 na kimanin shekara goma. Sun gano cewa motsa jikin da mutum ke yi don ra'ayin kansa, a lokacin hutunsa, yana tafiya da raguwar ciwon zuciya da mutuwar wuri, amma aikin ƙarfi na wurin sana'a bai ba da wannan kariya ba, a wasu ma haɗarin ƙaruwa ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, aikin ƙarfi kan ɗauki yini guda, ga ɗaga kaya masu nauyi, ga tsayuwa, ga rashin isasshen hutu, sai jini ya yini a sama. Ashe ke nan ɗan dakon da ake gani jikinsa a murɗe ba lallai ne yana da lafiyar da ake zato ba. Ya fi ka wahala, kuma wahalar tasa ba ta biya shi da lafiyar da taka ta biya ka ba. Kai da Allah ya ba damar zaɓar lokacin da za ka yi gumi da lokacin da za ka huta, godiya ce ta kama ka.

Akwai kuma gado. A 1990 wani likitan Amurka, Albert Stunkard, da abokan aikinsa suka duba tagwaye a ƙasar Suwidin, ciki har da waɗanda aka raba tun suna ƙanana, kowa ya tashi a gida daban da abinci daban. Da suka girma sai aka tarar jikinsu ya yi kusan daidai, har masu binciken suka ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin ƙiba tsakanin mutanen da suka duba daga gado yake. Mu ma mun san haka ba sai an gaya mana ba. A gida ɗaya akwai mai cin malmala uku ta sakwara yana nan kamar sanda, akwai wanda rabin haka ke ci yana cika kujera. Ƙara da wadda jikinta ya buɗe bayan haihuwa, da wanda wani magani da yake sha dole ke kumbura shi, da mai asma, da mai ciwon sikila wanda gudu mai tsanani da rashin ruwa a jiki kan iya tayar masa da ciwo. Gado ba hujjar zama ba ne, kowa na amfana da motsi gwargwadon halinsa. Amma kai da ka ga mutum sau ɗaya a bakin hanya, me ka sani game da jikinsa da har ka yanke masa hukuncin ragwanci?

Mutanen Lafia kuwa muna da abin tunawa da ya fi kowane bincike kusa da mu. Ranar Lahadi 8 ga Maris na 2020, a filin wasa na garin nan, ana tsakiyar wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United, ɗan wasan bayan Nasarawa United Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi. Bai sake tashi ba. Matashi ne, ƙwallo ce sana'arsa, atisayen da yake yi a mako ya fi wanda yawancinmu ke yi a wata. Manya daga cikin masu sauraro za su tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi haka nan a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989, Najeriya na karawa da Angola. Ban kawo su don in tsorata kowa ya bar motsa jiki ba. Mai motsi ya fi mai zama samun kariya, wannan tabbas ne. Na kawo su ne don wanda ya ɗauka ƙarfinsa na hannunsa, shi ya ƙera shi, shi ke riƙe da shi.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan cuta, suna kiran ta ujubu, wato mutum ya dubi wata ni'ima da ke tare da shi ya ji ta burge shi har ya manta wanda ya ba shi. Daga ujubu ake gangarawa girman kai, inda ba ka tsaya ga ganin kanka ba sai ka haɗa da ƙasƙantar da wani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa waɗannan biyu babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan malamai. Ya lissafa abubuwan da ke sa mutum ɗaga kai: ilimi, ibada, asali, kyau, ƙarfi, dukiya da yawan mabiya. Maganin da ya ba mai taƙama da ƙarfi shi ne ya tuna jijiya ɗaya in ta motsa ta ishe shi kwanciya, kuma duk ƙarfinsa bai kai na sa ko raƙumi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sanya ibada a jerin. Ashe abin kirki ma kan zama tsanin girman kai, kuma irinsa ya fi wuyar magani, don mai shi yana da hujjar da zai nuna. 'Yan'uwanmu Kirista sun san misalin da ke cikin Linjilar Luka, sura ta 18, na Bafarisiyen da ya shiga haikali yana lissafa azuminsa na sau biyu a mako da zakkarsa, yana murnar bai zama kamar mai karɓar harajin da ke tsaye can gefe ba. Azumin ya yi shi da gaske, zakkar ya fitar da gaske, amma wancan da ya raina ne ya koma gida da karɓuwa. Masallaci da coci a garin nan magana ɗaya suke yi a kan wannan.

Wani zai ce ai Bahaushe ya san kirari, ina laifin mutum ya yaba kansa? Gaskiya ne, muna da dambe da kokawa, muna da makaɗa irin su Ɗan Anace da suka wasa 'yan dambe irin su Shago har sunansu ya zaga ƙasar Hausa. Amma ku lura da inda ake kirarin. A fage ake yi, gaban jama'a, ga wanda ya naɗe hannu ya fito, tsaranka, wanda zai iya kai ka ƙasa yanzun nan a yi maka ihu. Kirarin da ke da farashi ke nan. Ba a taɓa yaba wa ɗan damben da ya tare tsoho a hanyar masallaci yana nuna masa damtse ba. Ko a gayya, gwanin noma da tsaransa yake tsere, in ya kai ƙarshen kunyarsa kuma gonar wani ce ta amfana. Mai gorin tumbi a majalisa yana kirari ne ga wanda bai shiga fage da shi ba.

In ma mun ajiye zancen lada da zunubi, gori ba ya aiki. Masu yin sa kan ce don mutum ya ji haushi ya gyara ne. A 2013 masu bincike a wata jami'a ta jihar Fulorida a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum fiye da 6,000 na shekara huɗu. Waɗanda suka ce ana wulaƙanta su saboda nauyinsu, haɗarin su faɗa ƙiba mai yawa ya ninka na sauran kusan sau biyu da rabi. Ba abin mamaki ba ne. Wanda aka yi wa dariya ranar da ya fara fitowa yana haki, gobe ba zai fito ba. Matar da ta san za a bi ta da ido da baki in ta ɗaura takalmi, gida za ta zauna. Wanda ya san za a yi masa faɗa a kan tumbinsa yakan ƙi zuwa ko awon jini. Waɗanda suka fi bukatar fitowa su ne gori ke mayarwa ɗaka.

Har lissafin da ake fariya da shi ma ba wahayi ba ne. Taku 10,000 a rana da wayoyi ke nuna mana ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙidaya taku da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2019, a kan tsofaffin mata fiye da 16,000, ya nuna cewa masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsira daga mutuwar wuri, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wato Hajiya da ke takawa zuwa kasuwa ta dawo, ko Baba da ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, suna kan hanya. Sannu ba ta hana zuwa. Kada wani ya sa su ji kamar abin da suke yi wasa ne.

Ga magidanta kuma, ya zo a ruwayar Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake shi kuma ya wuce ta. Cikin raha aka yi, babu cin fuska. Malam, in kana son uwargida ta motsa, riƙe mata yaran na rabin awa, ko ku taka tare bayan la'asar. Wannan ya fi baƙar magana dubu.

Kirana ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Lafia shi ne, duk titin da za a gina ko a gyara a bar wa mai tafiya a ƙasa gefensa, a sa fitila, a hana mayar da shi wurin ajiye mota da kasa kaya. A ware wa mata lokacinsu a filin wasa da filayen makarantu, inda za su motsa cikin sutura da natsuwa. A kare filayen wasan yara daga masu yanka su fuloti. Ƙungiyoyin masu atisayen Asabar su ware rukunin masu tafiya a hankali, su sa wani ya riƙa tafiya da na ƙarshe, kuma su riƙa gayyato ma'aikatan lafiya su auna jinin jama'a, har da 'yan dako da masu garuwa da ke wucewa.

Kai kuma ɗan'uwa mai gudun safe, kada ka fasa, Allah ya ƙara lafiya. Amma ranar Asabar mai zuwa, ƙwanƙwasa wa maƙwabcin nan naka da ka saba yi wa gori, ka ce ya zo ku taka. In ya gaji a kwanar farko, ku juyo tare, kuma kada ka ba da labarinsa a majalisa. Wanda kuma ya haura shekara 40, ko yake da ciwo, ya fara zuwa asibiti a auna jininsa da sugansa kafin ya soma gudu.